Matuƙa Masu Zaman Kansu da Ƙananan Filayen Jirgin Sama

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan matuƙan da ke kai ƙananan jiragensu filayen da ba kasafai ake sauka a cikinsu ba. A Amurka akwai filaye kimanin 5,000 da aka buɗe wa jama'a, amma kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke da hasumiyar kula da zirga-zirga.

A sauran, matuƙi shi ne mai gadin kansa: yana sanar da inda yake ta rediyo, ya zagaya filin daga sama ya duba alkiblar iska da lafiyar titi, sannan ya sauka yana fuskantar iskar. Tashi ne aka fi yi wa sakaci. Zafin rana da tudun wuri suna rage kaurin iska, jiƙaƙƙiyar ciyawa kuma tana riƙe taya, saboda haka titin da ya wadatar da safe yana iya gazawa da azahar. Man jirgi ma ba lallai ne a same shi ba.

Duk da haka ina goyon bayan wannan ziyara, domin filin da aka ƙaurace wa shi ake fara rufewa, alhali jirgin ɗaukar marasa lafiya na iya buƙatarsa.

Naka,
Wani mai karatu