Cefanen Litinin da Alhamis: dan Allah a sake duba mana tsarin nan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, barkanmu da shan ruwa, ya ibada ya kuma wannan zaman gida da Allah ya kawo mu. Dan Allah ka ɗan bani fili a jaridar nan taka in yi magana akan cefane, dan ni a gidana yanzu duk labarin korona ya koma kan me za'a ɗora a tukunya, kuma nasan ba ni kaɗai bane a Kano.

Ni malami ne a wata makarantar kuɗi, ina zaune a Kurna da matata da yara huɗu da mahaifiyata. Tunda aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 ɗin nan albashi ya tsaya, ban ga laifin mai makarantar ba dan shima da kuɗin makarantar yara yake biyanmu. Ranar 11 ga Afrilu aka ce an samu mutum na farko mai cutar a Kano, daren 16 ga wata aka kulle gari aka ce mako ɗaya ne. Toh da mako ɗayan nan nayi lissafi. Na sayi shinkafa kwano biyu, gero kwano uku, wake, taliya, manja kwalba ɗaya, ragowar canjin na ba uwargida nace ta ɓoye na azumi ne. Ana gobe azumi aka ɗan saki mutane ranar Alhamis suyi sayayya, wanda ya fita rannan ya ga abinda ya gani, aka sake mayar damu gida, sai ranar 27 ga Afrilu shugaban ƙasa Buhari yayi jawabi ya ɗora mana sati biyu, a jawabin da yace za'a fara sassauta wa Legas da Ogun da Abuja. Yau azumi goma sha biyar, sati biyun nan farkon mako mai zuwa zai cika, kuma har yanzun da nake rubutun nan ba wanda zai iya ce maka ga abinda zai biyo baya. Za'a buɗe ne, za'a ƙara ne, a gida zamuyi sallah ne, oho.

Wannan rashin sanin shi yafi cin mutum wallahi. In kasan wata guda zakayi a kulle ko yaya ne zaka raba ɗan abinda kake dashi gida talatin, amma in ana baka mako mako kullum lissafinka rushewa yake, ka ci na gobe yau dan an ce jibi za'a buɗe, jibin tazo ace an ƙara. Mahaifiyata kullum bayan shan ruwa sai ta tambayeni me rediyo ta ce, in ce mata Inna ba'a ce komai ba tukuna, sai tayi shiru ta cigaba da jan carbinta.

Yanzu gwamna Ganduje ya ware mana Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, an gode, ko ba komai an san muna da ciki. Amma Malam Edita a duba mana, awa shida ce fa, kuma kasuwannin da aka ce su buɗe 'Yankaba ce da 'Yan Lemo sai manyan shagunan zamani. 'Yankaba tana can hanyar Haɗeja, 'Yan Lemo tana can Na'ibawa hanyar Zariya, ni ina Kurna hanyar Katsina, mutumin Ɗorayi da na Rijiyar Zaki da na Bachirawa duk can za mu haɗu a rana ɗaya a awa ɗaya. Gari kamar Kano ace duk kayan miyarsa ta ƙofa ɗaya zai fito, ai dole a yi turereniya.

Bari in faɗa maka yadda Litinin ɗin nan ta kasance mun. Tun tara da rabi na shirya, na ɗaura takunkumin da telan layinmu ya ɗinka mana da ragowar atamfa, goma na cika na fita. Farko sai da na nemi kuɗi dan wani ƙanina ne ya turo mun dubu biyar ta waya. Layin ATM ya zagaye ginin bankin har ya fito bakin titi, rana ta take, kowa da azumi a bakinsa, wani dattijo a gabana ya zauna dirshan a ƙasa yace ƙafarsa ta ƙi, na haƙura na koma wajen mai POS ya cire nashi kason ya bani sauran. Kafin in samu adaidaita sha biyu ta wuce, kuɗin mota ya ƙaru, kuma mu huɗu aka cusa a baya dan kowa sauri yake. Da na isa 'Yankaba wallahi ko a jajibirin sallah ban taɓa ganin mutane haka ba, kafaɗa na gugar kafaɗa, masu dako na ihun a basu hanya, akwai bokitin wanke hannu a bakin shiga amma mutum nawa zai ɗauka, takunkumin ma yawanci a haɓa yake saboda zafi. Ina tsaye kan mai tumatir wata baiwar Allah da goyo a bayanta tana ta roƙonsa, Malam ka rage mun dan Allah marayu ne a gida, shi kuma yana rantse mata cewa kwandon da ya saya jiya rabinsa ya ruɓe a hanya saboda motar ta kwana a shingen jami'an tsaro. Na kalli fuskarsa na ga ba ƙarya yake ba. Daga ƙarshe ya ƙara mata guda uku masu ɗan tabo ta karɓa tana ta sa masa albarka.

Ni dai na dawo gida uku da rabi da leda biyu, tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, ɗan alayyahu, kuɗin sun tafi, shinkafa ko ban taɓa ba. Na tsaya a soro na tuɓe riga, uwargida ta miƙo mun sabulu da buta na wanke hannu da fuska kafin in shiga, kuma ranar ban shiga ɗakin Inna ba daga bakin ƙofa na gaisheta. Dan ni bana cikin masu cewa cutar nan ƙarya ce. Mun ga yadda aka dinga rasa dattawa a garin nan ƙarshen watan Afrilu, a layinmu kaɗai anyi jana'iza biyu cikin mako ɗaya, ko mene ne sanadin Allah ne masani amma wanda yake da tsohuwa a gida dole gabansa ya faɗi. Shiyasa abun yake damuna, kwana biyar muna kulle muna kiyayewa, sai a kwana biyun nan mu je mu cakuɗu da duk garin mu dawo wa iyayenmu da abinda muka kwaso. Wane amfani kullen yayi kenan?

Su kuma manyan shagunan da aka ce a je, nawa ne a cikinmu suke cefane a can? Can ana sayar da shinkafa a buhu, mai a galan, madara a gwangwani, mai albashin gwamnati da mota zai iya zuwa ya cika but ya dawo ya zuba a firiza. Mu cefanenmu na ƙulli ne, manjan hamsin, magin ashirin, sikarin talatin, daddawa ɗaya, barkono ƙulli ɗaya, kullum da safe ake yinsa da abinda maigida ya samo jiya. Birkila da kafinta da ɗan dako da mai wankin hula da mai ga-ruwa, in basu fita yau ba babu na yau, toh ka buɗe musu kasuwa awa shida da me zasu saya? Ranar da aka buɗe dan a yi sayayya ita ce dai ranar da zasu nemi kuɗin sayayyar, awa shidan ba zata ɗauki duka biyun ba. Kuma ko ka samu kuɗin, tumatir na Litinin a wannan zafin bazai kai Alhamis ba in ba'a markaɗa an tafasa ba, wuta bata tsayawa balle a yi maganar firij, ƙanƙara ma da ake ɗan saya a sha ruwa da ita ta zama sai wane da wane.

Abinda ya riƙe mu gaskiya, bayan Allah, mai shagon layinmu ne da littafinsa na bashi. Ƙofarsa a rufe take amma in ka ƙwanƙwasa taga ta baya zai miƙo maka, ya rubuta. Shekaranjiya naje karɓar sikari na hango shafina ya cika ya juya baya, kunya ta kamani nace Alhaji ka yi haƙuri, yace Malam bar wannan maganar, yarana nawa ka koyar, damuwata ɗaya kayan ne suke ƙarewa kuma kasuwar Singa da muke saro kaya a rufe. Na leƙa na ga kantocin sun yi fayau, katan ɗin taliya ɗaya ya rage masa. In irin waɗannan masu shagon basu samu hanyar saro kaya ba, ranar da nasu ya ƙare unguwa gaba ɗaya ta shiga uku, dan babu babban shagon da zai baka bashi.

Matan ma sun yi ƙoƙari Allah ya saka musu. Uwargida ta koma miyar kuka da busasshiyar kuɓewa, tumatir ɗin da na kawo rabi ta yanka ta shanya a kan kwano, ƙosai ya koma kwana ɗaya bayan ɗaya, kunun tsamiya ne dai bata yarda a rasa ba saboda Inna. Maƙwabciyarmu tana da gero bata da mai, mu muna da ɗan mai, sai a miƙa ta katanga a yi musaya. Jiya Alhamis kuma dabara muka yi, gida biyar muka haɗa kuɗi muka rubuta abinda kowa yake so a takarda, saurayi ɗaya mai babur ya je ya sayo rabin kwando aka raba a soro, ya fi araha kuma mutum huɗu sun tsira daga cunkoson. Tallafin da muke ji a rediyo ana rabawa dai har yau bai iso layinmu ba, bance ba'a raba ba, mu dai bamu gani ba.

Roƙona ga gwamnati da kwamitin da ke kula da cutar nan, a bar ƙananan kasuwannin unguwanni su buɗe a ranakun nan, kowa ya sayi kayan miya a inda ƙafarsa zata kai shi, masu unguwanni da 'yan sa-kai su tsaya akan tazara da wanke hannu dan sun san mutanensu kuma ana jin maganarsu. A ware wa masu shaguna wata rana tasu daban da zasu shiga kasuwannin Singa da Dawanau su saro kaya, motocin abinci kuma tunda an ce doka bata hau kansu ba a daina tsare su a hanya har kaya su lalace, mu ne muke biyan asarar a bakin tire. A fara buɗewar tun da sassafe kafin rana ta yi zafi, mai azumi ya gama ya koma gida. Sannan uwa uba, duk abinda aka yanke game da mako mai zuwa a faɗa mana da wuri, ko da ƙarin kullen ne, kar a bari sai dare ya yi ana gobe wa'adi zai cika. Ni yanzu gero kwano ɗaya ya rage mun da ɗan wake, uwargida tun safe take tambayata ta jiƙa waken gobe ne ko ta bar shi, na ce mata ta dakata mu ji labaran ƙarfe takwas.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Kurna, Kano.
8 ga Mayu, 2020