Wasiƙa daga Agege

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da iyali baki ɗaya.

Saƙonka ya same ni, wai kana shirin sayar da shanun huɗa ka taho Legas. Ba zan hana ka neman arziki ba, amma gara ka ji daga bakina.

Kuɗi kam akwai su. Mai albasa a kasuwar Mile 12 yakan juya a yini abin da kasuwarmu ba ta gani a mako. Sai dai ba sa kwana a aljihu. Mai gida ba ya jin zancen wata-wata, hayar shekara zai ce ka dire, ga na ejan, ga na takarda. Ruwa jarka-jarka ake saye wurin 'yan ga-ruwa, galibinsu ma yaran wajenmu ne. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuwa, kuɗin danfo ya zama abin da ake lissafawa kafin na cefane. In acaba ke ranka, ka cire: tun Yunin 2022 aka hana ta a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu sassan, babur ɗin da aka kama kuma niƙe shi ake yi.

Ni abin da ya fi ci min rai shi ne lokaci. Wanda ke kwana a nan yana aiki Obalende, kafin kiran assalatu yake fita, ya maƙale a gosulo kan gadar Third Mainland, ya dawo bayan isha'i yara sun yi barci. Albashi mai kauri, amma ɗansa sai ran Lahadi yake ganinsa ido biyu. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara aiki a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege, ya ɗan rage wahalar, ga wanda hanyarsa ta bi nan.

Waɗanda na ga suna dariya har ciki su ne irin mai shayin layinmu: teburinsa, masallacinsa da ɗakinsa duk a unguwa ɗaya, da yamma majalisa ta cika, ana musun ƙwallo har a manta babu wuta. Bai tara komai ba, kuma ban taɓa jin ya yi zancen hawan jini ba.

Don haka ka bar shanun nan. In an gama girbi ka zo cin rani, kai kaɗai, ka sauka wurina, akwai tabarma. Kafin ruwa ya sauka ka ga garin da idonka.

Ka gaishe min da Inna, ka ce ta sa mu a addu'a. In motar albasa za ta taso, a saƙo min kuka da daddawa, na nan tsada ga rashin ƙamshi.

Naka har kullum.