Hoton kayan gilashi: a riƙa haska su ta baya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani reshe na sana'armu ta ɗaukar hoto wanda ba kasafai ake kula da shi ba, wato ɗaukar hoton kayan gilashi da aka jera a kan tebur, irin su kwalabe da tambulan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takaicin da nake ji idan na ga mata masu sayar da humra da zuma a WhatsApp da Instagram sun sha wahala sun haɗa kaya masu kyau, amma hoton ya fito da wani farin tabo a cikin kwalbar, wani lokaci har a hango mai ɗaukar hoton da wayarta a jikin gilashin.

Laifin ba na waya ba ne. Mafi yawan haske ratsa gilashi yake yi ya wuce, domin idan ya doke shi kai tsaye kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai kowace fuskar gilashin take mayarwa, kuma wannan ɗan abin yana dawowa ne kamar daga madubi. Don haka duk wanda ya kunna filasha ta gaba, hasken filasharsa zai gani a hoton. Ido kuwa da gefen gilashi yake gane siffarsa, saboda haka gefen nan ya kamata a yi wa aiki.

A rataya farin ƙyalle a taga da hantsi, a ajiye kwalbar a gabansa, a kashe fitilun ɗaki, sannan a tsayar da baƙin kwali a dama da hagu inda kyamara ba za ta gan su ba. Nan take wani siririn baƙin layi zai bayyana tun daga wuyan kwalbar har gindinta, kuma gwargwadon yadda aka matso da kwalin, gwargwadon kaurin layin. Wanda ya fi son baya mai duhu sai ya juya lamarin, ya sa baƙin kwali a bayan kwalbar, ya bar haske ya zagayo ta gefensa, gefen gilashin ya fito fari tas. A tuna kuma da goge gilashin sosai, musamman a lokacin hunturu, don hasken baya ba ya rufa wa ƙura ko shatin yatsa asiri.

Game da launi, ra'ayina shi ne gilashin da babu komai a cikinsa ya fi kyau a hoton baƙi da fari. Tun a 1844 Baturen Ingila William Henry Fox Talbot ya wallafa hoton kayan gilashi jere a kan kanta, Josef Sudek na birnin Prague kuma, wanda ya rasa hannunsa na dama sakamakon Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya shafe shekaru yana ɗaukar kofin ruwa a bakin tagarsa, hotunan da har yau ake baje su a gidajen adana kayan fasaha. Amma idan zuma ce ko zoɓo a ciki, cire launi asara ce, tun da jan zoɓo bai taɓa fitowa da kyau kamar lokacin da haske ya ratso shi ta baya ba.

Ina kuma kira ga jaridarku da ta tura mai ɗaukar hoto wanda ya san wannan dabara zuwa unguwar Masaga da ke Bida a Jihar Neja, inda Nufawa suka gaji narka gilashi suna ƙera awarwaro da duwatsun wuya. Hotunan kayansu da nake gani galibi a ƙasa aka shimfiɗa su cikin tsakar rana, ga shi kuwa shuɗi da koren da ke cikinsu sai an ɗaga su zuwa ga haske ake ganinsu.

Wassalam,
Wani mai ɗaukar hoto, daga Kano