A Tausaya wa Masu Raunin Laka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan 'yan'uwanmu da suka samu raunin laka, galibi a haɗarin mota ko babur. Ƙafa ba ta motsi, amma tana zugi kamar an zuba mata garwashi. Ciwon jijiya ne, Panadol bai cika taɓa shi ba, yawan shan diclofenac kuwa ƙoda da ciki yake ci. Likitoci kan rubuta pregabalin ko amitriptyline, a fara da kaɗan, kuma ba a yanke su lokaci guda. Tsada ce ke tura wasu kemis neman tramadol. Don Allah gwamnatin Kaduna ta tallafa da kuɗin magani, dangi kuma su riƙa kai majinyata asibitin koyarwa na Shika.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya