Wasiƙa daga Ennis: batun ɗan molon da kuka gani a hannuna

Ennis, ƙasar Ailan

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, aiki a gidan kula da tsofaffi yana nan yadda ka sani. Disamba ce, yayyafi ba dare ba rana, ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya rufe gari.

Ka ce da Inna ta ga bidiyon nan sai ta tambaya ko aikin na bari na koma kiɗa. Ka kwantar mata da hankali. Gaskiya ne a nan galibi a gidajen giya ake zaman kiɗa, amma wurin da kuka gani kicin ɗin maƙwabcina ne, wani dattijo mai kaɗa gogen Turawa. Duk daren Laraba bayan na yi isha'i muke haɗuwa, mu shida ko bakwai, shayi da burodi kawai. Kafin in san ɗakin nan, sai in yi mako ban yi hira da kowa ba in ba a wurin aiki ba.

Abin da ke hannuna sunansa ukulele, tsirkiya huɗu ce ta roba, bai kai garaya girma ba. Shi ma baƙo ne a nan. 'Yan ci-rani daga tsibirin Madeira na Fotugal ne suka kai kakansa Hawai a 1879, can ya sami wannan suna. Na saye shi a shagon gwanjo don rage kewa, kuma wata uku ina fama in bi kiɗan dattijon ina kasawa. Yadda ake saida shi, an ɗaure tsirkiyoyinsa a kan sautukan da ake kira G, C, E, A, ɗaurin da ya dace da mai share su gaba ɗaya yana rera waƙa. Kiɗan rawar Ailan kuwa sauti ɗaya bayan ɗaya ne, a guje. Da kiɗa ya hau sama sai hannuna ya tafi can ƙarshen wuyan, kafin in dawo an bar ni.

Wata rana dattijon ya karɓa, ya jera shi da gogensa, ya nuna mini cewa tsawon tsirkiyarsu kusan ɗaya ne. Ya ce in ɗaure shi yadda ake ɗaure goge: G, D, A, E. Ya ce ba sabon abu ba ne, haka Barney McKenna na ƙungiyar makaɗa ta Dubliners ya yaɗa a banjo, wani irin molon Turawa, tun shekarun 1960, har ya zama ɗaurin da masu banjo a ƙasar nan suke bi. Da na gwada da tsoffin tsirkiyoyin, ta ƙarshe ta tsinke tun ban kai E ba. Sai da na sayo waɗanda aka yi musamman don wannan ɗauri, ta ƙasa mai kauri, ta sama siririya kamar zaren kamun kifi. Kwana goma suna sakewa ina ƙara ɗaurewa kafin su zauna.

Yaya, ranar da suka zauna ban yi barci da wuri ba. Duk kiɗan ya dawo ƙarƙashin yatsuna, daga gaɓa ta farko zuwa ta bakwai, ba sai na ɗaga hannu ba. Yawancin kiɗansu a kan D ko G yake, kuma biyu daga tsirkiyoyin nan ko ba ka danna su ba sautin da suke bayarwa ke nan, sai su riƙa amsawa a ƙasa kamar 'yan amshi. Inda dattijon ya sa yatsa a gogensa, nan ni ma nake sawa. Ido da kunne suka zama malamaina.

Kiɗan iri-iri ne. Akwai ril, mai bugu huɗu, wanda yake zuba kamar ruwa. Akwai polka da suka fi so a kan iyakar yankunan Kerry da Cork. Wanda ya kama ni shi ne jig, mai bugu shida kashi biyu. Na kasa riƙe shi sai da na tuna luguden da su Inna suke yi a turmi, sannan na sa masa baki: gya-ɗa-da, gur-ji-ya. Ɗan robar da nake kaɗawa da shi ya tafi ƙasa, sama, ƙasa, ya sake ƙasa, sama, ƙasa. Galibi kiɗa yana da kai biyu, a maimaita na farko, a maimaita na biyu, a zagaya sau uku, sai wani ya ɗaga gira a faɗa cikin na gaba ba tare da an tsaya ba.

Ba zan ɓoye maka kasawarsa ba. Muryarsa ƙarama ce, idan mai akodiyon, abin kiɗan da ake ja ana matsewa, ya buɗe, ko aka buga gangar fatar akuya da suke kira bauran, ni kaina da ƙyar nake jin sa. Sautinsa kuma ba ya daɗewa kamar na goge, shi ya sa nake koyon saurin bugu uku a wuri ɗaya irin na masu banjo. Amma matar dattijon, wadda ta yi rawa tun tana yarinya, ta ce ita ba ƙara take saurare ba, ƙafarta take tambaya. Makon jiya ina kaɗa jig ni kaɗai, ta ajiye butar shayi ta taka a dandaɓen kicin. Wannan ne kuka gani.

Mutanen nan sun riƙe kiɗansu da hannu biyu. Har ya fara dushewa, suka kafa ƙungiyar Comhaltas a Mullingar a 1951, yanzu yara 'yan shekara bakwai suna zuwa aji da sarewar gwangwani a jaka. Babban bikinsu na shekara a nan Ennis aka yi shi a 2016 da 2017, har yau suna labarinsa.

Ga abin da ya sa na zauna na rubuta. A al'adar ɗakin, baƙo ma yakan kawo nasa. Dattijon ya ce in kaɗa musu na garinmu, na laluba na ga babu ko ɗaya da na riƙe daga farko har ƙarshe, ni da na tashi ina jin gurmin Kawu a dandalin kokawa. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah idan ka je ƙauye ranar Juma'a, ka kai masa goro, ka roƙe shi ya kaɗa ko guda biyu ne, a hankali, ka ɗauka da waya. Ka matso da ita kusa da hannunsa na hagu, kuma ya fara buga kowace tsirkiya ita kaɗai in ji yadda ya ɗaure su.

Ka gaishe da Inna da kyau, da Anti da yara. Kuɗin makarantar su zai iso ƙarshen wata, in sha Allah.

Naka,
Ƙaninka