Masu Zuwa Aiki a Keke, a Kula da Iska da Sarƙa

Malam Edita,

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ma'aikata da dama a Kano sun fito da kekunansu. Tafiyar kilomita 10 ba ta wuce minti 40 ba, in keken lafiyayye ne.

Ba ƙusa kaɗai ke jawo faci ba, ƙarancin iska ma na jawo shi. Taya mai laushi in ta faɗa rami, ƙarfen wili ne ke cizon tub, sai ka ga huda biyu kusa da juna. Adadin iskar yana rubuce a gefen tayar, a duba duk mako.

Sarƙa kuwa, lafta mata baƙin mai kuskure ne, musamman da hunturu. Ƙura ke mannewa ta cinye haƙoran da sarƙar ke hawa. A wanke da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge sauran da tsumma.

Sirdi a ɗaga shi har ƙafa ta kusa miƙewa a kan feda, in ba haka ba gwiwa ce za ta sha wuya. A kuma bar tazara a bayan Adaidaita Sahu, don tsayuwarsu babu sallama.

Naku,
Mai gyaran keke, Fagge, Kano