Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni a rediyo

Ƙanena, bayan gaisuwa.

Ranar da aka tattauna batun wariya a rediyo, ka bugo waya ka ce: "Yaya, ke fara ce, uwarki Ba'abziniya, ubanki Bakatsinen Maraɗi. Wace wariya kika taɓa gani? Kuma ke ta wane ɓangare ce?" Lokaci ya ƙure ban amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Gaskiyarka ce, hasken fatata ya yi mini rana. Ni da ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ita launin Baba ta ɗauko. A gidan biki ni mata ke jawowa su zaunar kusa da amarya, ita sai a miƙa mata tsintsiya ko a ce ta kai ruwa zaure. Da ta tasa, na tsinci kwalbar man bilicin a ƙasan akwatinta, ta nannaɗe da tsohon kallabi don kada Inna ta gani. Har yau abin yana ci mini rai. Wannan gata ban roƙe shi ba, amma na ci moriyarsa.

Sai dai farar fata ba ta cire ni daga sahun mata ba. Dokar ƙasarmu ta yarda a aurar da yarinya tana da shekara 15, namiji kuwa sai 18, kuma jihar Maraɗi tana cikin inda aka fi auren wuri a Nijar. Kai da kake zuwa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ƙirga ƴan matan da kuka fara lakwal tare, ka ga nawa suka rage. A ƙauyukanmu, ko rabon gona da addini ya ba mace ƴan'uwa maza kan riƙe.

Akwai kuma wadda ta fi mu duka shan wuya, wato macen da ake cewa ba ta da asali. Nijar ta mayar da bauta laifi a dokarta a 2003. Duk da haka sai da Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta kai ƙara kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 2008 aka ce ƙasa ta gaza kare ta. A dangin uwata ma, akwai gidajen da ba a neman aure a cikinsu don kakanninsu bayi ne. Ban ware kaina daga wannan ba, mutanena ne, kuma ina faɗa musu a gabansu.

Batun ɓangare kuwa, ba zan zaɓa ba. Da Hausa nake mafarki, da Tamashek kakata ta yi mini tawai. A Agadas Bahaushiya suke kira na, a nan Buzuwa. Maraɗin kanta Katsinawan da suka baro gida bayan jihadi ne suka kafa ta, ga Gobirawa a Tibiri maƙwabta. Wane ne bai haɗa jini ba?

Abin da nake roƙonka ɗaya ne. Ranar da ka kawo yarinyar da kake so, iyaye suka ce a je a binciki asalinta, ka tambaye su da ladabi: halinta za a bincika, ko kakanninta?

Yayarka,
daga Maraɗi